Tafinta a Ɗakin Gilashi

Shekara goma sha tara ke nan
ina zama a akwatin gilashi, saman zauren taro a Biyana,
kunnena na aro, bakina na haya.

Can ƙasa teburi ya lanƙwashe kamar lauje.
Ƙananan tutoci, kwalaben ruwa, ministoci,
kowa da murmushi a leɓe,
kowa da rijiyar ƙasarsa a aljihun kwat.
Wani ya ce "'yan'uwa", na mayar da shi "'yan'uwa".
Ba a biyana in fassara zuciya.

Yau batun ragi ne: ganga dubu ɗari huɗu a yini.
Duka sun yarda a rage,
muddin wuƙar za ta faro daga naman maƙwabci.
Na ƙasar rairayi ya ce bara shi ya ɗau kayan.
Na ƙasar ƙanƙara ya ce in ya toshe rijiya, daskarewa take yi.
Wanda takunkumi ya ɗaure wa hannu ya murmusa:
me za a rage wa wanda aka kora daga kasuwa?
Ƙaramin cikinsu ya ɗaga yatsa tun da hantsi,
har yatsan ya gaji ya koma cikin 'yan'uwansa.
Zaman 'yan marina, sai dai baba ɗaya ce,
baƙa, mai kauri, tana kwance ƙarƙashin duniya.

Ƙarfe biyun dare. Kofi ya huce.
Leopoldine, abokiyar zamana, ta cire takalmi tana gyangyaɗi.
Sai wani dattijo ya kifa alƙalami,
ya dubi na gabansa, ya ce: "Ɓarawon awo."
Kalmar ta hau waya ta shigo kunnena da zafinta.
Daƙiƙa ɗaya gare ni, ko ƙasa da haka.
Magana zarar bunu ce; na san wannan in ta fita
rufin duka zai bi ta.
Na haɗiye yawu, na ce:
"Alƙalumanku, ranka ya daɗe, suna bukatar a sake dubawa."
Na gaban ya gyaɗa kai. Aka kawo sabon shayi.
Kafin asuba an sa hannu,
aka tsaya hoto, kafaɗa da kafaɗa, ana dariya.

Farashi ya riga ni fita daga ginin.

Dragoslav, mai tasin da ke ɗaukata,
ya nuna allon gidan mai da haɓa:
"Kin gani? Kafin mako ya ƙare za su ƙara.
Su wa ke zama su yanke wannan, don Allah?"
Na dubi dusar da ke narkewa a gilashi,
na ce masa ni ma na gaji da tsadar hanya.

A Ottakring, hawa na huɗu, babu na'urar hawa.
Na tarar da tsohuwata cikin rigunan sanyi biyu,
ta murɗe ɗumamar ɗaki zuwa lamba ɗaya.
"Traudi, sun shirya?" in ji ta.
Na ce sun shirya.
"Madalla. Faɗa ba shi da kyau."
Na riƙe hannunta, sanyi kamar cokali.

Na san akwai wata malamar asibiti a Basra
da wannan sa hannun zai fito mata da albashi,
da wani masunci a Marakaibo
da zai ci gaba da wanke baƙin mai daga komarsa.
Ban san sunansu ba. Ba su san wani baki
ya tauna kalma biyu ya haɗiye a madadinsu ba.

Na murɗa ɗumamar zuwa uku, na jira ta yi barci.
Har yanzu "ɓarawon awo" na nan a maƙogwarona,
ya ƙi wucewa ciki, ya ƙi komowa baya.